Ranar da Ɗalibaina Suka Ce Gawo Ya Mutu

An haife ni a cikin birnin Kano, a wata unguwa da ke cikin badala, kuma a bayan gidanmu akwai wani babban kududdufi wanda dattawa suka ce daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina yawancin gidajen unguwar. A bakin ruwan nan na yi ƙuruciyata. Na san lokacin da kwaɗi ke fara kuka bayan saukar ruwan farko, na san cewa 'ya'yansu ƙafafun baya suke fara fitarwa kafin na gaba, na kuma san cewa duk shekarar da kainuwa ta rufe fuskar ruwa kifin da muke kamawa da ƙugiya yakan yi ƙaranci. Babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini waɗannan abubuwa. Kallo ne da yawan tambaya, har mahaifiyata takan ce na ishe ta. Mahaifina ɗan kasuwar Kurmi ne, amma yana da gona ta wajen Gezawa, kuma da damina yakan tafi da mu ranar Juma'a da safe mu taya ma'aikata cira kafin lokacin masallaci.

Da na shiga jami'a na zaɓi karatun halittu saboda wannan sha'awa, sai na tarar da wani abu dabam. Malami zai shigo da tsohon littafin rubutunsa, ya yi ta karantowa muna rubutawa har awa biyu ta cika. A darasin alaƙar halittu da muhallinsu, wanda ake kira ikoloji, mun haddace cewa wani Bajamushe mai suna Ernst Haeckel ne ya ƙirƙiro sunan fannin a 1866, kuma wani Bature ɗan Ingila, Arthur Tansley, shi ya kawo tunanin kallon halittu da ƙasa da ruwa da iska a matsayin tsari guda a 1935. Mun zana hawa da saukar yawan zomaye da kyanwar daji na ƙasar Kanada, dabbobin da babu ɗayanmu da ya taɓa gani, a cikin dusar ƙanƙarar da ba mu san sanyinta ba. Na ci jarrabawa da maki mai kyau, aka riƙe ni a matsayin ƙaramin malami, kuma da aka ba ni aji, abin da aka yi mini shi na yi wa na baya. Na gyara rubutun da na gada, na buga shi ya zama handawut, na shekara fiye da goma ina karanta shi ga ɗalibai. Ban taɓa fashin aji ba tare da uzuri ba, ban taɓa tauye wa kowa maki ba, kuma a zuciyata na ɗauka ina sauke nauyin da aka ɗora mini.

Wata shekara zangon karatu ya faɗo cikin damina, sashenmu ya samu motar da za ta kai 'yan aji uku ziyarar gani da ido. Na zaɓi ƙauyen da gonar mahaifina take, domin na san mutanen wurin. Watan Agusta ne, gero ya kai kafaɗa, ko'ina ya yi kore shar. Na ce kowa ya zaga ya rubuta abin da ya gani. Da muka taru a gindin wata tsamiya, na nemi ɗalibin da ya fi kowa maki a kwas ɗina ya karanta nasa. Ya miƙe ya karanta da Turanci mai kyau cewa ya ƙirga manyan itatuwa da yawa da suka bushe a tsakiyar gonaki, babu ganye ko ɗaya a jikinsu duk da ruwan da ake yi, kuma wannan alama ce ta kwararowar hamada da ke buƙatar a sare su a dasa sababbi. Sauran suka gyaɗa kai, domin da yawansu abin da suka rubuta ke nan.

Wani dattijo, abokin mahaifina, yana zaune kusa da mu yana gyara ƙotar fartanya. Ya tambaye ni abin da yaron ya ce, na fassara masa. Ya ajiye fartanyar, ya dubi ɗalibin ya ce, "Yaro, wannan ai gawo ne. Ransa ɗaya da nawa. Idan damina ta sauka sai ya zubar da ganye, idan kaka ta yi kowa ya fara bushewa sai shi ya yi kore. Je ka dubi geron da ke gindinsa ka dubi na can nesa, ka zo ka gaya mini wanne ya fi." Ɗalibin ya je ya dawo ya ce, "Baba, na gindin ya fi tsayi, ya kuma fi duhun ganye." Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ashe ba ku koya musu wannan?"

Na ce masa muna koyarwa, kuma gaskiya na faɗa, domin gawo yana cikin handawut ɗina da sunansa na kimiyya, layi biyu, kuma wannan ɗalibi ya rubuto layukan nan daidai a jarrabawar gwaji. Ya san sunan, ya san jimlar, amma da ya tsaya a gaban bishiyar bai gane ta ba, kuma bai ji a ransa cewa ya kamata ya kankare ɓawonta da farce ya ga ko ɗanye ne kafin ya yanke mata hukuncin sara. A hanyar komawa gari ban yi magana da kowa ba. Laifin ba na yaron ba ne, domin ya yi duk abin da na nema daga gare shi. Ni ne ban taɓa neman ya kalli wani abu da idonsa ya yi tambaya ba. Na tuna cewa Alƙur'ani mai girma ya kira mutane su dubi raƙumi yadda aka halicce shi, su dubi sama da duwatsu da ƙasa, ga shi ni da ake biya albashi domin in koyar da wannan kallo na mayar da shi hadda.

A hutun da ya biyo baya na shiga neman abin da masu nazarin koyarwa suka gano. Na karanta labarin Eric Mazur, malamin fiziya a Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda a farkon shekarun 1990 ya gano cewa ɗalibansa suna iya warware lissafi amma ba su fahimci ma'anar abin da suke lissafawa ba, sai ya koma jefa musu tambaya a tsakiyar lacca, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya yi ƙoƙarin gamsar da na kusa da shi. Na kuma ga nazarin da Scott Freeman da abokan aikinsa suka fitar a 2014, inda suka tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci na jami'a, suka samu cewa kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ne ke faɗuwa a azuzuwan lacca zalla, alhali a azuzuwan da ɗalibai ke aiki da hannunsu da ƙwaƙwalwarsu adadin bai wuce kusan kashi 22 ba. Waɗannan alƙaluma sun ƙarfafa mini gwiwa, amma ba su gaya mini yadda zan yi da aji mai mutum fiye da ɗari biyu, a zauren da kujerunsa ke kafe a ƙasa, ga wutar lantarki ba tabbas.

Yunƙurina na farko bai yi kyau ba. Na shiga aji ba handawut, na ce su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fito da tambayar da yake son bincikawa. Aka yi tsit. Can sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah wannan zai fito a jarrabawa?" Wasu suka kai ƙorafi cewa na daina koyarwa, na bar su suna koyar da kansu. Ban ga laifinsu ba. Tun daga firamare aka saba musu da cewa tambaya ta malami ce, amsa kuma tana cikin littafi, sai ga ni rana ɗaya na sake su a fili ba jagora. Daga baya na ga wani nazari da aka yi a Harvard a 2019, wanda ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su aiki a aji sun fi samun maki a gwaji, amma su a ransu suna jin lacca mai daɗin sauraro ta fi ƙaruwar da su. Tun daga lokacin nake fara kowane zango da bayyana wa ɗalibai dalilin abin da za mu yi, ina gaya musu cewa wahalar da za su ji alama ce ta cewa kan yana aiki.

Na koyi cewa tambaya ma sai an koya wa mutum yadda ake yin ta. Yanzu a makonnin farko ni nake kawo tambayar, su nemo hanyar amsawa. A tsakiyar zango mu tsara tare. A ƙarshe ne kowane rukuni ke fito da tasa. Darasin ƙiyasta yawan dabbobi, alal misali, da wake nake fara shi. Kowane rukuni na mutum shida ko bakwai zai samu leda cike da farin wake, in ce su gaya mini ƙwaya nawa ce a ciki ba tare da sun zazzage sun ƙirga ba. Sukan yi ta gardama, har wani ya kawo shawarar a ɗebi wasu a yi musu alama da biro, a mayar, a girgiza, a sake ɗiba. Idan ka yi wa ɗari alama, ka sake ɗibar ɗari ka samu goma masu alama, to waken ya kai kimanin dubu. Da kansu suke isa ga wannan lissafi, sannan in gaya musu cewa da shi masana ke ƙiyasta kifin da ke cikin tafki. Daga nan sai in tambaye su abin da zai faru idan kifin da aka yi wa alama ya koyi gudun koma, ko alamar ta sa tsuntsu ya fi saurin hango shi. Rukunin da bai girgiza ledarsa da kyau ba ya riga ya ga amsar a sakamakonsa.

Aikin gawo kuwa shi ne wanda ya fi kwanta mini a rai, kuma duk shekarar da zango ya dace muna komawa ƙauyen nan. Tambayar ɗaya ce: me ya sa geron gindin gawo ya fi kyau? Ɗalibai sukan ja igiya daga gindin bishiya zuwa waje, su ajiye firam na katako mai mita ɗaya kowane gefe a tazara daidai, su auna tsayin kara, su ƙirga 'ya'yan da kowane gindi ya yi, su ɗebi ƙasa a leda. Amsar farko da kowa ke kawowa ita ce ta littafi: gawo dangin wake ne, akwai ƙwayoyin bakteriya a saiwoyinsa masu kama sinadarin naitirojin daga iska, kuma ganyen da yake zubarwa a farkon damina yana ruɓewa ya zama taki a daidai lokacin da shuka ke buƙata, ga shi ba ya tare mata rana. Saiwarsa mai zurfi ce ke kai shi ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da rani. Duk wannan daidai ne. Amma wata shekara wata ɗaliba da ta tashi a gidan kiwo ta ce ba ta gamsu ba. Ta ce, "Malam, da rani babu inuwa a gona sai ta gawo, kuma shanu da awaki suna son 'ya'yansa. A nan suke yini, a nan suke kashi. Ta yaya za mu san takin bishiyar ne ba na dabbobin ba?" Wani kuma ya ƙara da cewa ya lura wasu gawon a kan tsohon suri suka tsiro, to wataƙila ƙasar wurin dama can mai ƙarfi ce, shi ya sa bishiyar ta rayu a nan.

Na tsaya ina sauraron su, jikina ya yi sanyi don farin ciki, domin waɗannan tambayoyi biyu su ne ainihin waɗanda masu bincike suka yi ta muhawara a kansu. Ban ba su amsa ba. Na ce su tsara gwajin da zai raba dalilan, suka kwana biyu suna kai da komo har suka kawo shawarar a kewaye gindin wasu itatuwa da ƙaya tun daga kaka don hana dabbobi shiga, a bar wasu a buɗe, a kuma kwatanta da gindin wata bishiya mai inuwa da ba dangin wake ba. Ba mu da kuɗi ko lokacin da za mu kai gwajin ƙarshe yadda ya kamata, kuma itatuwan da muka samu izinin kewayewa ba su kai a yanke hukunci da su ba. Wannan ma darasi ne, domin a ranar suka fahimci dalilin da ya sa bishiya ɗaya ko biyu ba sa zama hujja. A nan na ba su labarin Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, wanda ya nuna cewa manoman wannan yanki, duk da yawan jama'a da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, suna tattalin itatuwan gonakinsu da ƙarfin ƙasarsu ta hanyar taki da kiwo da gaurayen shuka. Ya kai ga wannan ne domin ya je ya ƙirga, ya kuma saurari manoma.

Ba kullum ake samun mota ba, sai na gane cewa birnin da kansa fagen nazari ne. Kududdufan da suka rage a cikin gari sun ishe mu darasin ruwa. Faifan auna hasken ruwa, wanda aka sa wa sunan Angelo Secchi da ya fara amfani da shi a 1865, mu da murfin bokitin fenti muke yin namu, mu shafa masa fari da baƙi, mu ɗaura masa dutse da igiya mai ƙulli, a zura shi daga bakin gaɓa da dogon gora har ya ɓace wa ido. Wani rukuni ya ji daga masunta cewa kifi da asuba yake taso wa sama yana haki, wani lokaci ya mutu, kuma karfasa ce ke fara mutuwa, tarwaɗa kuwa ta jure. Suka bi zaren har suka gano cewa ruwan kwata da ke kwarara cikin kududdufi taki ne ga gansakuka, ita kuma da rana tana samar da iskar oksijin amma da dare shaƙa take yi tare da sauran halittu da abubuwan da ke ruɓewa, don haka kafin gari ya waye iskar ta kusa ƙarewa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take tsira. Wasu sun bi Jakara, ƙoramar da ta ratsa birnin Kano, suna kwatanta abin da ke rayuwa a cikinta daga wuri zuwa wuri. Wasu sun zauna da tsofaffin mahauta suna tambayarsu yaushe suka daina ganin ungulu a mayanka, tsuntsuwar da a zamanin ƙuruciyarmu ba a ko ɗaga kai a kalle ta don yawa, amma tun 2015 aka sa irin wadda muka sani cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya.

Wannan hanya tana da nata nauyi, kuma ba zan ɓoye wa abokan aikina ba. Kafin mu je kowace unguwa sai na gaida mai unguwa na nemi izini. Babu ɗalibin da nake bari ya sa ƙafa ko hannu tsirara a ruwan kududdufi, saboda tsargiya da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke zaune. Ina tsara fita da safe domin 'yan mata da matan aure su koma gida da wuri. Duba rahotannin rukuni talatin ya fi duba hadda cin lokaci, kuma a kowane rukuni akan samu mai jingina da wasu, shi ya sa ranar gabatar da aiki ni nake zaɓar wanda zai yi bayani. Batutuwan da nake kammalawa a zango sun ragu, kuma wani babban malami da nake girmamawa ya taɓa ja mini kunne a kan haka. Na gaya masa cewa na yarda da ragin, domin na ga abin da ya rage a kan ɗalibin da na karanta wa manhaja gaba ɗaya. Ban watsar da lacca ba. Akwai abin da sai an bayyana, amma yanzu ba na wuce minti goma sha biyar ina magana ban jefa tambaya ba, su ɗaga yatsu su nuna zaɓinsu, su tattauna, su sake zaɓa. Jarrabawa ma ta sauya, domin idan ta ci gaba da neman hadda, hadda za a kawo mata: yanzu nakan ba su jadawalin awo da ba su taɓa gani ba, in ce su faɗi abin da ya nuna da abin da bai nuna ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta, kuma ina roƙon malaman fanninmu a Arewa su cike wannan gurbi da gawo da dorawa, da Dajin Falgore, da madatsun Tiga da Challawa da abin da suka sauya a fadamun Hadeja da Nguru, inda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa.

Dattijon nan Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Ɗalibin da ya ce gawo ya mutu yanzu malamin sakandare ne, kuma bara ya zo ofishina neman aron firam ɗin katako guda huɗu domin yaran ajinsa su ƙirga ciyayin filin makarantarsu. Kududdufin bayan gidanmu an cike shi da shara an yi gine-gine a kai, kuma tun daga lokacin duk ruwa mai ƙarfi sai ya shigo mana zaure. A zangon da ya wuce wani rukuni ya zaɓi wannan a matsayin tambayarsa: ina ruwan da kududdufai ke shanyewa yake tafiya idan an cike su? Na raka su unguwarmu, na gabatar da su ga mahaifiyata, ta zauna a kan tabarma tana nuna musu da hannu inda bakin ruwan yake a da, suna rubutawa, ɗaya daga cikinsu kuma yana durƙushe yana auna tsayin tabon da ambaliya ta bari a jikin bangon zauren.